Yara biyu, duka SS, uwa ɗaya uba ɗaya: me ya sa ciwon ɗaya ya fi na ɗaya tsanani?

Baban Yara, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da likitocin da ke wannan zaure, tare da roƙon wanda Allah ya hore wa sani a kan wannan al'amari ya taimaka mini da bayani. Ni da maiɗakina duka AS ne, kuma cikin 'ya'yanmu akwai biyu da gwaji ya nuna SS ne, mace mai shekara 11 da namiji mai shekara 7. Yarinyar ba ta cika kwanciya ba, tana zuwa boko da Islamiyya kamar kowa, sai dai lokaci-lokaci idanunta su yi rawaya ko ta yi kukan gajiya. Shi kuwa yaron tun bai cika shekara ba ya fara da kumburin hannu da ƙafa, kuma da zarar hunturu ya kama sai ciwon ƙashi ya taso masa, wani lokacin har sai an kwantar da shi an yi masa ƙarin jini. Gida ɗaya suke, tukunya ɗaya, dukansu a gidan sauro suke kwana, kuma magungunan da ake ba su iri ɗaya ne.

Wasu daga cikin dangi sun dage cewa an yi kuskure a gwajin yarinyar, wasu kuma suna cewa akwai wani abu a jikin yaron bayan sikila. Ina so in fahimci dalilin wannan bambanci. Haka kuma likita ya ba da shawarar a ɗora yaron a kan haidiroksiyuriya, amma da na karanta takardar da ke cikin kwalin sai na ga maganin sankara ne, hankalina bai kwanta ba. Daga ƙarshe, na ji a rediyo cewa an samo maganin da ke warkar da sikila a Birtaniya da Amurka, shin gaskiya ne?

Malamar Kimiyyar Gado, Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Zan taɓa ɓangaren gado, wanda shi nake koyarwa, in bar wa likitoci batun magani.

Asalin cutar abu ɗaya ne a jikin yaran biyu. A kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum, akwai ƙwayar gado mai suna HBB, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai kai iskar oksijin sassan jiki. A wajen mai sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikin wannan umarni, GAG ya koma GTG, sai jiki ya saka sinadarin balin a gurbi na shida, inda gulutamik asid ya kamata ya zauna. Vernon Ingram ne ya tabbatar da haka a Ingila a 1957. Idan irin wannan himogulobin, wanda ake kira S, ya sauke oksijin ɗin da ya ɗauko, sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma siffar lauje. Ƙwayar da ta zama haka tana toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi yake tasowa, kuma tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120, daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke fitowa.

To, in dai aibin ɗaya ne, ina bambancin ya fito? Tun a 1948 wata likitar yara a Buruklin ta Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa nuna alamun cutar a watanninsu na farko, kuma ƙwayoyin jininsu ba sa lanƙwashewa yadda na iyayensu mata suke yi. Ta danganta hakan da wani nau'in himogulobin na daban da ɗan tayi yake amfani da shi a cikin mahaifa, wanda ake kira himogulobin F. Shi wannan ba daga HBB yake fitowa ba, wasu ƙwayoyin gado biyu ne da ke maƙwabtaka da ita, HBG1 da HBG2, suke ƙera shi, don haka aibin sikila bai shafe shi ba. Fiye da haka ma, idan yana cikin ƙwayar jini yana hana himogulobin S haɗa waɗancan zaruruwa. Bayan haihuwa jiki yana rage ƙera shi sannu a hankali, ya koma ga na manya, har ya zama a jikin yawancin mutane bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa kumburin hannu da ƙafar da ka ambata yake bayyana daga wajen wata shida zuwa sama, daidai lokacin da wannan kariya take janyewa.

Abin lura shi ne ba a share HBG1 da HBG2 daga jikinmu ba, suna nan a jikin kowa har tsufa, kashe su kawai aka yi, kamar fitilar da aka kashe daga makunni alhali ƙwanta lafiya lau yake. Kuma ba kowa ake kashe wa gaba ɗaya ba. Wasu masu sikila suna riƙe da kashi 2 ko 3 cikin 100 na himogulobin F, wasu kashi 10, wasu ma fiye da 20. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1994 ya nuna cewa masu SS da nasu ya haura kashi 8.6 cikin 100 sun fi tsawon rai a kan waɗanda nasu bai kai haka ba.

An ɗauki shekaru ana neman abin da ke kashe su, sai a 2007 da 2008, bayan an kwatanta ƙwayoyin gadon dubban mutane a Birtaniya da tsibirin Sardiniya na Italiya, aka ga cewa yawan himogulobin F yana tafiya da bambance-bambancen da ke cikin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, wadda ke kan kuromosom na 2. A 2008 ɗin Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa furotin ɗin da BCL11A take ƙerawa shi ne yake danne himogulobin F. Akwai wuri na biyu a kan kuromosom na 6, tsakanin HBS1L da MYB, da na uku kusa da HBG2 ɗin kanta. Tunda kuromosom na 2 da na 6 gadonsu daban yake tafiya da na 11, yara biyu suna iya karɓar S daga uwa da S daga uba, amma ɗaya ya gaji BCL11A mai ƙarfin dannewa, ɗaya ya gaji mai rauni. Ga wanda ya gaji mai raunin, raunin nan rahama ne.

Wannan ne ma ya sa sikilar gabashin Saudiyya da sassan Indiya take da sauƙi a ƙuruciya a kan tamu, domin nau'in da suke ɗauke da shi yana zuwa da himogulobin F mai yawa, mu kuwa a Nijeriya nau'in da ake kira na Benin ne ya fi yawa. Akwai kuma wani gadon a kan kuromosom na 16, wato alfa talasimiya, wanda ya yaɗu sosai a Afirka ta Yamma, yana rage yawan fashewar ƙwayoyin jini da haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma ba ya rage ciwon ƙashi. Ba zan yanke hukunci a kan yaranka daga nesa ba, amma idan aka auna himogulobin F ɗinsu, nan ne wurin da zan fara dubawa.

Likitan Yara, Malali

Malama ta gama da tushe, ni kuma zan ɗora daga inda ta tsaya. Alhaji, maganar dangi game da gwaji ba abin watsarwa ba ce gaba ɗaya. Gwajin jinotayif na yau da kullum da ake yi a yawancin ɗakunan gwaji yana nuna nau'in himogulobin ne kawai, ba ya faɗin adadinsa, kuma idan an yi wa yaro ƙarin jini cikin wata uku ko huɗu kafin gwajin, jinin da aka ƙara masa yana iya sa SS ya fito kamar AS. Ka nemi a yi wa yaran biyu gwajin da ake kira HPLC, wanda zai ba da adadin nau'o'in himogulobin S da F da A2 a rubuce, amma idan ba a daɗe da yi wa yaron ƙarin jini ba sai a jira tukuna. Da wannan takarda a hannu gardamar gida za ta ƙare.

Game da haidiroksiyuriya, takardar da ka karanta ba ta yi ƙarya ba, domin an fara amfani da shi ne wajen wasu cututtukan sankarar jini. Amma aikinsa a jikin mai sikila shi ne ainihin abin da Malama ta bayyana, wato yana sa ɓargo ya koma ƙera himogulobin F, sannan yana rage yawan fararen ƙwayoyin jini da ke taimakawa wajen toshe jijiyoyi. A gwajin da aka wallafa a 1995 a kan manya 299, ya rage yawan tashin ciwo da kusan rabi, har aka dakatar da gwajin tun kafin wa'adinsa domin a ba kowa maganin, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. An daɗe ana fargabar cewa a ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki zai yi illa, sai aka gwada shi a kan yara kimanin 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, aka wallafa sakamakon a 2019. Ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, kuma abin da ba a yi zato ba, zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu da kusan rabi.

Akwai wanda ya fi kusa da mu. Babban abin da muke tsoro ga yaro mai shekarun ɗanka shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda idan ba a yi rigakafi ba tana samun kusan mutum 1 cikin 10 na masu SS kafin su kai shekara 20. Ana gane yaron da ke cikin haɗari da wani hoton sauti da ake kira TCD. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan mai a gefen kai tsakanin ido da kunne, a ɗora kan na'urar a wurin, sai ka ji sautin gudun jini yana fitowa, ga lambobi a allo. Babu allura, babu zafi. Idan gudun jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa, alama ce jijiyar ƙwaƙwalwa ta tsuke. A ƙasashen da ke da wadatar jini, ƙarin jini duk wata ake yi wa irin wannan yaro, kuma binciken 1998 ya nuna hakan yana rage haɗarin da kashi 92 cikin 100. Mu a nan kowa ya san yadda neman leda ɗaya ta jini take, balle duk wata har shekaru. Shi ya sa likitocin Kano da Kaduna, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Barau Dikko, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu irin wannan sakamako, wasu a kan miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, wasu a kan 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙaranci ƙwarai a rukunonin biyu, ba tare da wani bambanci a tsakaninsu ba. 'Ya'yanmu ne aka yi wannan bincike da su, a yanayinmu, da sauronmu da hunturunmu.

Sharaɗin maganin shi ne bibiya. Likita ne yake ƙayyade awo gwargwadon nauyin yaro, kuma dole a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini a kai a kai, musamman a farko, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini fiye da kima, wanda idan an gani sai a dakatar na ɗan lokaci su farfaɗo. Ba maganin da za a saya a kemis a riƙa ba yaro da ka ba ne. Kuma bai maye gurbin sauran abubuwa ba, wato rigakafin yara, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da shan ruwa sosai, da garzayawa asibiti da zarar jiki ya yi zafi. Ka roƙi likita ya koya wa mahaifiyarsu yadda ake lalubar saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, domin idan ta kumbura farat ɗaya yaro kuma ya yi fari fat, wannan ba abin jiran wayewar gari ba ne.

Mai Sikila, Rigasa

Baba, ina yi maka fatan alheri. Ni SS ce, na haura shekara 30, kuma ina cikin waɗanda aka ce tasu mai sauƙi ce, don haka a kan yarinyar nake so in yi magana, da izinin Malama da Likita. Ina ganin an fi mayar da hankali a kan wanda yake kuka, alhali rashin ciwon ƙashi ba ya nufin cutar ba ta aiki a ciki. Ƙoda da ido da ƙashin ƙugu suna lalacewa a ɓoye, kuma a wajena sai da ɗingishi ya fara sannan aka gano kan ƙashin cinyata ya fara mutuwa saboda rashin isar jini. Ina roƙonka duk gwajin da za a yi wa yaron, musamman TCD, a yi wa yarinyar, kuma a tambayi likita ko ita ma ta cancanci maganin.

Game da shan maganin, gaskiyar da zan faɗa maka ita ce ba a ganin amfaninsa a mako ɗaya ko biyu, sai ya ɗauki watanni, kuma mutane da yawa a nan suke gajiya su bari. Faratana sun yi duhu, wannan sananniyar alama ce ba ta da haɗari. Abin da ya fi wahala shi ne kuɗinsa da na gwajin jini wata bayan wata, don haka gara a lissafa tun farko da a fara a yanke. Kuma tunda yarinyar tana tasowa, a san cewa mace mai neman ɗaukar ciki sai ta zauna da likita a kan batun maganin tukuna.

Baban Yara, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. 'Yata ta Rigasa, maganarki ta shige ni, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Saura batun warkarwar da na ji a rediyo. Kuma muna da babban ɗa wanda yake AS, wani ya ce mini ana iya ɗibar ɓargonsa a dasa wa ƙaninsa, ko hakan yana yiwuwa tunda shi ma yana ɗauke da S?

Malamar Kimiyyar Gado, Unguwar Dosa

Abin da ka ji gaskiya ne, Malam. Sunan maganin Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba na shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama. An gina shi a kan fasahar yankan DNA da ake kira CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba ya taɓa harafin da ya lalace a HBB ko kaɗan. A 2013 an gano wani ɗan yanki a cikin BCL11A wanda shi ke kunna ta a cikin ƙwayoyin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Sai a ɗebi ƙwayoyin asali na jinin majiyyaci, wato ƙwayoyin ɓargo da ke haifar da sauran ƙwayoyin jini, a yanke wannan yanki a ɗakin bincike, a mayar masa da su, BCL11A ta yi shiru a wurin, himogulobin F ya dawo da yawa. Ke nan abin da wasu suka samu ta gado, da abin da haidiroksiyuriya yake yi daidai gwargwado, shi ne wannan magani yake yi da ƙarfi. Wata mata 'yar Amurka, Victoria Gray, ita aka fara yi wa cikin masu sikila a 2019, kuma cikin mutum 31 da hukumar magungunan Amurka ta duba sakamakonsu, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da ciwo mai tsanani ya taso musu ba.

Sai dai kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Ko da an ajiye kuɗi gefe, kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba majiyyaci wani magani mai ƙarfi da ake kira busulfan domin ya kashe tsohon ɓargo, a killace shi makonni a asibiti ba shi da garkuwar jiki, kuma wannan magani yana iya hana haihuwa har abada. A ganina, Nijeriya, ƙasar da aka ƙiyasta ana haifa mata jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, abin da ya fi dacewa ta sa kuɗinta a kai shi ne gwajin jarirai da TCD da haidiroksiyuriya.

Likitan Yara, Malali

Alhaji, kasancewar babban ɗanka AS ba ta hana shi ba da ɓargo, ana karɓa daga mai AS kamar yadda ake karɓa daga mai AA. Abin da ake dubawa shi ne dacewar wasu alamomin garkuwar jiki da ake kira HLA, waɗanda ke kan kuromosom na 6, kuma damar kowane ɗan'uwa shaƙiƙi ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Idan an samu dacewa kuma aka yi dashen tun yaro yana ƙarami, kusan 9 cikin 10 suna rabuwa da cutar, amma akwai haɗarin sabon ɓargon ya yaƙi jikin da aka dasa shi a ciki, ga batun haihuwa da Malama ta ambata, ga kuma waɗanda suke rasa ransu a hanya. An fara yin sa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Yawanci ana ajiye shi ne ga wanda ciwonsa ya yi tsanani duk da magani, don haka tsarin da zan bi shi ne HPLC da TCD ga yaran biyu, sannan haidiroksiyuriya na tsawon wata shida zuwa shekara tare da bibiya, daga nan a duba ko akwai buƙatar gwajin HLA. Dashen ɓargo da Casgevy duka jini kaɗai suke gyarawa, ba sa gyara ƙwayar gadon da ke cikin ƙwayoyin haihuwa, saboda haka wanda aka yi wa zai ci gaba da gadar wa kowane ɗa nasa S, kuma gwajin wanda zai aura yana nan a kansa kamar da.